Bindigar da Aka Zaɓa Mini

Ku da kuka cika mini waya da saƙo kuna cewa na cika taurin kai, wai namiji irin Boyd ba a samunsa sau biyu, na karanta duka. Har na wadda ta ce in ba na so in turo mata lambarsa na gani. 'Yar'uwa, ki daure ki karanta na yau tukuna. In kin gama kina nan a kan bakanki, ni da kaina zan kai ki har ƙofar gidansu.

Waɗanda yau suka shigo kuma, sunana Marcy Pruitt, shekarata ashirin da uku. Nas ce ni, irin masu bin marasa lafiya gida-gida a ƙauyukan da ke kewaye da garin Lubbock. Tun safe har yamma ina cikin mota ni kaɗai, gonar auduga dama da hagu, wani wurin ko sabis babu. Ina son aikina. Mama kuwa ta tsane shi kamar me. Burinta in ajiye shi in auri Boyd Renfro, wanda babansa ke da injin gurzar audugar da duk manoman yankinmu ke kai wa kaya, har da Babana. Boyd dogo ne, fari tas, haƙoransa a jere, ba ya fita sai da farar hular kaboyi da takalmin da za ka ga fuskarka a jiki. Ba ya shan giya, ba ya fashin coci. Laifinsa ɗaya, kuma shi ne nake ta fama in fahimtar da ku: bai taɓa tambayata me nake so ba. In mun je cin abinci shi ke faɗa wa mai kawowa abin da zan ci.

A danginmu akwai wata al'ada. Saurayi ba ya fara kawo zobe, bindiga yake fara kawowa. Kakana haka ya yi wa kakata, Baba haka ya yi wa Mama, tata tana nan cikin durowar gado a naɗe da tsohon ɗankwali. In budurwa ta karɓa ta sa a jakarta, kowa ya san zobe na hanya.

Ranar da na cika shekara, muna falo, Mama ta yi kek mai lemun tsami, sai ga Boyd da akwati mai rufin karan-miski. Da na buɗe, wata 'yar mitsitsiyar bindiga ce mai ganga, irin wadda ake jera harsasai a ciki tana juyawa, mariƙinta ruwan hoda, ba ta fi tafin hannuna ba. A gefenta an zana haruffa biyu da ruwan zinare, M da R. M ɗin nawa ne. R ɗin na Renfro ne, alhali ko “ina so” ban taɓa ce masa ba.

“Wayyo, ku duba mini!” Mama ta dafe ƙirji, farcenta ya sha wannan jan farcen nata mai ruwan goro da take shafawa tun ina yarinya. “Kamar don hannunta aka ƙera.”

“Mai shagon ya ce ita mata ke yayi,” in ji Boyd. “Ba nauyi, ba wahala. Daidai ke, gimbiya.”

A raina na ce, hannun nawa ka auna ko na mai shagon? A fili kuwa na ce na gode, don Baba na kallona yana murmushi, kuma Baba ba ya yawan murmushi. Ya karɓa, ya juya ta, ya shiga garejinsa inda yake ɗura harsasansa da kansa, ya dawo da guda biyar ya zuba mata a gabana. Ya ce da an gama cirar auduga zai kai ni bayan gona ya koya mini sosai, kafin nan kada in taɓa ta sai in na ga mutuwa ido da ido. Ni da ban taɓa harba komai ba sai doguwar bindigarsa a kan gwangwani, na ce to. Na jefa ta aljihun jakar aikina, jakar da kullum nake yarwa kan teburin kicin in na dawo, ban sake buɗe ta ba.

Cirar auduga ba ta ƙare ba abin ya faru. Da rana tsaka ne, ina kan hanyar gidan Kaka Ofelia, wata tsohuwa mai ciwon suga da nake wanke wa ƙafa. Hanyar burji ce, ba gida ba bishiya. Na lura da wata farar a-kori-kura a bayana. Na rage gudu don ta wuce, ta rage. Na taka, ta taka. Can sai ta zabura ta wuce ni, ta juya ta gindaya a tsakiyar hanya. Namiji ne a ciki, da hula da baƙin tabarau, bai fito ba, bai yi magana ba, kallona kawai yake.

Na duba waya, babu sabis. Jama'a, na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Na zura hannu cikin jaka na ciro 'yar bindigar na ɗora a kan sitiyari inda zai gan ta da kyau. Da ya gan ta sai ya ja da baya da sauri, ya faɗa gefen gona, ya bar ni da ƙura.

Na ƙarasa gidan Kaka Ofelia na wanke mata ƙafa kamar ba abin da ya faru. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Lokacin da na riƙe bindigar, ƙaramin yatsana a iska yake, ba inda zai kama. Bakinta sai lilo yake. Da mutumin ya fito, ban san ko shi zan samu ko gilashin motata ba.

Da na dawo gida na tarar da Mama a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

“Lafiya kika dawo? Ba abin da ya faru?”

“Me zai faru, Mama?”

Ta bi ni da kallo har na shige ɗaki. Ko takalmi ban cire ba waya ta yi ƙara.

Boyd: Gimbiya ya aiki? Hanya lafiya dai?

Ni: Lafiya lau.

Boyd: Kin tabbata? Ki faɗa mini gaskiya fa. Hanyoyin nan ba na mace ba ne.

Ni: Na ce maka lafiya.

Boyd: Ranar Lahadi zan zo cin abinci. Ki sa shuɗiyar rigar nan. Akwai magana.

Ban faɗa wa kowa zancen motar ba. Ko ƙawata ban faɗa wa ba. Na san da ya fita daga bakina an sami sandar dukana, a ce ga irinta nan, ajiye aikin. Na haɗiye abina.

Ranar Asabar da safe na sa wandon jins da rigar aikina mai ruwan ganye, na ɗaure gashi, na ce wa Mama zan shiga gari sayen safa. Wani shagon bindigogi na nufa da ke da wurin gwaji a bayansa. Mai shagon wata dattijuwa ce, Anti Verna, gajera mai furfura, tabarau rataye a wuya, muryarta kamar ta wanda ya kwana yana kiran shanu. Na ajiye akwatin a gabanta. Ta buɗe, ta dubi bindigar, ta dube ni, ta kwashe da dariya.

“Saurayi ko baba?”

“Saurayi.”

“Na sani. Duk wata sai an kawo mini irinta. Su je su zaɓo mafi ƙanƙanta, su ce ta mata ce. In ka ce su harba ta da kansu sai su ce suna sauri. Zo mu je, 'yar nan.”

Ta ba ni abin toshe kunne da tabarau, ta rataya takarda mai zanen mutum, ta gyara mini tsayuwa. Ta ce in fara da harsasan da ke ciki, tunda su nake yawo da su. Na ɗaga, na saita, na danne numfashi, na ja kunamar.

Ƙyas.

Na sake ja. Ƙyas. Har sau biyar, ba ƙara ba hayaƙi.

Dariyar Anti Verna ta ɗauke. Ta karɓa, ta buɗe gangar, ta zazzage harsasan a tafin hannunta. Ta juya ɗaya, ta nuna mini gindinsa. Inda ya kamata a ga ɗan farin ƙarfen da ke tada wuta, rami ne, an cike shi da ɗigon jan abu.

“Waɗannan na koyo ne. Babu albarushi a ciki. Masu ɗura nasu a gida suna yin su don gwada hannu, sai su yi musu alama kada su haɗu da na gaske. Wa ya sa miki?”

Na san alamar. Na san kwalbar da suke ciki a kan kantar garejin Baba, na san kuma launin, don tun ina ƙarama nake ganin Mama zaune tana ɗiga musu jan farcenta mai ruwan goro, Baba na tsokanarta wai ta fi shi saiti. Na zauna a kan benci. Ke nan ranar da na ɗora bindigar nan a sitiyari ina ji da kaina, abin wasa na ɗaga wa mutum. Da ya fito ya nufo ni fa? Baba, wanda na yarda da shi fiye da kowa a duniya, shi zai yi mini haka? Kuka ya taho mini, na mayar da shi, sai haushi ya maye gurbinsa.

“In kuka za ki yi, ga banɗaki can,” in ji Anti Verna. “In harbi za ki koya, tashi.”

Na tashi.

Ta zuba wa 'yar ruwan hodar harsashin gaske guda ɗaya, ta ce in ji da hannuna. Na ja. Jama'a, kamar an maka mini guduma a tafi! Ta yi tsalle ta kusa kuɓucewa, takardar kuwa ko ƙwarzane babu.

“Kin ji ko? Ƙarama ba nauyin da zai shanye bugun, duk a hannunki yake sauka. Yanzu manta da launi, manta da abin da wani ya ce. Hannunki za mu tambaya.”

Ta jero mini guda huɗu a kan tebur. Ta farko ta yi mini kauri, yatsana ba ya kai wa kunamar sai na karkata hannu. Ta biyu na kasa ja mata baya, na yi ta kokawa har na ji kunya, Anti Verna ta ce ba abin kunya ba ne, wadda ba za ki iya sarrafawa ke kaɗai ba ba taki ba ce. Ta uku ta yi daɗin harbi, amma da na sa ta a ƙugu na saki riga sai ta yi tudu kamar na ɓoye burodi. Ta huɗu baƙa ce, ba ado ba zane, mummuna ma zan ce. Da na kama ta yatsuna duka suka zauna, har ƙaramin. Na harba, ta motsa ta dawo inda take. Na sake, na sake. Da aka jawo takardar, ramukan sun taru a ƙirjin zanen, ba a tsakiya sosai ba, amma suna kusa da juna.

Muka koma gaban madubi. Ta kawo kube mai tauri da ke rufe kunamar gaba ɗaya, da bel mai ƙarfi, ta ce ban da jaka, don jaka ana fizge ta, ana kuma ajiye ta inda kowa zai sa hannu. Wannan maganar ta ƙarshe ban kula da ita ba a lokacin. Ta sa na zauna, na sunkuya kamar ina wanke ƙafar mara lafiya, na miƙa hannu sama. Rigar aikina ta rufe ta ruf. Ta sa na rubuta sunana a ajinta na kowace Asabar, ta ce sai na zo ko ta biyo ni har gida.

“Kuma ki ji da kyau,” ta riƙe mini hannu. “Ba ta gardama ba ce, ba ta nuna wa mutane ba ce. In ranki ya ɓaci, bakinki za ki buɗe, ita ki bar ta inda take. Sannan duk wanda ya miƙo miki bindiga ya ce a cike take, ko ubanki ne, buɗe ki gani da idonki.”

Na cike takardun, na jira aka duba sunana a wurin hukuma, na biya da gumina. Ba wanda ya zana harafinsa a kanta.

Lahadi bayan an taso daga coci gidanmu ya cika da ƙamshi. Mama ta soya kaza, ta kirɓa dankali da man shanu, ga soyayyar kuɓewa, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara a babban jug. Ta shimfiɗa farin mayafin teburin da ba a fito da shi sai Kirsimeti. Ni kuwa na rataye shuɗiyar rigar a inda take, na sa baƙin siket da farar riga da 'yar jaket mai ruwan toka. Sabuwar bindigar tana ƙuguna, na wuce ta gaban Mama sau uku ba ta ga komai ba, sai cewa ta yi, “Shuɗiyar fa?” Na ce ta matse ni.

Boyd ya zo da furanni, aljihun kwat ɗinsa ya yi tudu daidai girman akwatin zobe. Baba ya yi addu'a, aka fara zuba abinci. Boyd ya ɗauki farantina zai zuba mini.

“Bari, ina da hannu,” na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya gyara murya, ya dubi Baba. “Ranka ya daɗe, dama akwai maganar da—”

“Ni ma akwai,” na katse shi. Na ciro akwatin karan-miskin daga ƙarƙashin kujera na ajiye gaban Boyd. Sannan na zuba harsasan biyar a cikin farantina da babu komai, suka yi ƙara, suka gangara, jan gindinsu na kallon kowa.

“Marcy! A kan abinci?” in ji Mama.

Baba nake kallo. “Baba, in kana ganin ban isa riƙe bindiga ba, ai sai ka faɗa mini. Na yi ta yawo cikin daji da wannan ina cewa Babana ya tsare ni.”

Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya sa tabarau, ya sake juyawa. Fuskarsa ta canza.

“Ina kika samo waɗannan?”

“A cikin bindigar.”

“Ni na gaske na zuba miki. A gabanki na zuba, Marcy. Ni zan tura 'yata hanya da wofi? Hauka nake?”

Na san Baba. Bai iya ƙarya ba, ko a cinikin auduga. To in ba shi ba ne, wa ya canza su?

Boyd ya ɗaga hannuwa yana murmushin nan nasa mai jeren haƙora. “To, to, a yi haƙuri. Ko ma yaya aka yi, gimbiya, ai gara da aka yi hakan. Ke da ba ki iya ba, da na gaske ne a ciki ranar nan da kin harbe bawan Allah a banza, mutumin da ko fitowa daga mota bai yi ba.”

Na ajiye cokalin da ke hannuna a hankali.

“Wane mutum, Boyd?”

Ya kau da ido, na ƙara matsa masa.

“Wace mota? Ban faɗa wa kowa ba. Ko ƙawata ba ta sani ba. Kai wa ya faɗa maka?”

“Wace mota ake magana?” Baba ya tambaya, ya cire tabaran.

Na faɗa masa duka, farar a-kori-kura, burjin gidan Kaka Ofelia, yadda aka tare ni. Ina magana wuyan Boyd na yin ja. Da na gama sai ya fara in-ina, wai Dusty ne, direbansu, yaron kirki ne, ba zai taɓa ni ba, so kawai yake in gane da kaina cewa aikin nan ba na matar aure ba ne, don so ya yi, wallahi don so.

“Don so,” na ce. “Ka aiko a tsorata ni, ka kuma tabbatar ba zan iya kare kaina ba. Da wani ne ya tare ni washegari ba Dusty ba fa? Shi ma za ka ce masa wasa ne?”

Baba ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi baya. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. “Kai ka shiga garejina?”

“A'a, ranka ya daɗe, ni ban taɓa—”

“To wa ya buɗe jakar 'yata?”

Sai na tuna inda nake yar da jakar kullum. Na juya a hankali. Mama ta janye hannuwanta daga kan farin mayafin ta ɓoye su ƙarƙashin tebur, amma na riga na ga farcen. Idonta ya cika da hawaye, ba ni take kallo ba, Boyd take kallo.

“Ka ce mini bin ta kawai zai yi,” ta ce. “Ba ka ce zai tare ta ba.”

Jama'a, na ji zafin Boyd, amma wannan ya fi. Matar da ta tsaya bakin ƙofa tana tambayata ko lafiya na dawo, jira take in faɗo jikinta da kuka in ce na bar aikin. Na ji sabuwar bindigar a ƙuguna, na tuna maganar Anti Verna, na bar ta inda take. Bakina na buɗe.

“Boyd, ɗauki akwatinka, da wanda ke aljihunka. Ka ba mai shagon ya goge M ɗin, R ɗin ya ishe ka.” Na kwashe harsasan biyar daga farantin, na zagaya teburin, na kamo hannun Mama daga inda ta ɓoye shi, na buɗe tafin na zuba mata. “Naki ne, Mama. Gobe ina da Kaka Ofelia da safe, ta wannan hanyar zan bi.”

Na ɗauki makullin motata. Ina kaiwa ƙofa na ji Baba ya kira sunan Mama, sunanta na yanka, wanda tun da aka haife ni ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba.